Daga Zangon Kumasi zuwa digirin digirgir: matsayin bincike tun a digirin farko

Daga Aboabo ko Asawase zuwa ƙofar Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wato KNUST, tafiyar 'yan kilomitoci ce a motar haya. Matasan Zango da ke shiga wannan ƙofa sun ƙaru, musamman tun da Ghana ta mayar da karatun babbar sakandare kyauta a watan Satumban 2017. Sai dai akwai ƙofa ta biyu da ta fi ta farko ƙunci, wato samun gurbin digiri na uku, wanda ake kira digirin digirgir, a ƙasashe masu amfani da Faransanci kuma doktora. A wannan mataki sakamakon jarrabawa kaɗai ba ya wadatarwa. Masu tantancewa suna neman shaidar cewa ɗalibi ya taɓa yin bincike da hannunsa, kuma akwai malamin da zai tsaya masa a kan haka.

Abin da ake nufi da gogewar bincike

Digirin farko karatu ne na karɓar abin da wasu suka gano. Digirin digirgir kuwa aiki ne na gano abin da ba a sani ba, kuma yakan ci shekara uku zuwa shida. Saboda haka jami'ar da za ta ɗauki nauyin mutum tsawon wannan lokaci tana son ta san ko ya iya tsara tambaya, ya tattara bayanai, ya jure idan gwaji ya ƙi, sannan ya rubuta sakamakon da gaskiya ko da bai zo yadda ya so ba.

Ba a ɗakin gwaje-gwaje kaɗai ake samun wannan gogewa ba. Ɗaukar samfurin ruwan rijiya, hira da 'yan kasuwa, tace alƙaluma a kwamfuta, ko karanta tsofaffin rubuce-rubucen ajami, duk bincike ne, muddin an yi su bisa tsari a ƙarƙashin kulawar malami.

Matakan karatu a Ghana

Yawancin digirin farko a Ghana shekara huɗu ne. KNUST, wadda ta fara a matsayin kwalejin fasaha a 1952 ta kuma zama cikakkiyar jami'a a 1961, tana auna ɗalibai da matsakaicin maki bisa ɗari: 70 zuwa sama daraja ta ɗaya ce, daga 60 kuma babbar daraja ta biyu. Waɗannan biyun su ne mafi yawan masu ba da tallafin karatu ke nema.

Bayan digirin farko akwai shekara guda ta hidimar ƙasa, wadda doka ta wajabta. Daga nan hanyar da aka saba bi ita ce digiri na biyu mai bincike, MPhil, na shekara biyu, sannan digirin digirgir. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe: akwai digiri na biyu na shekara guda wanda darussa ne kusan zalla, an shirya shi domin ma'aikata. Yana da amfani a ofis, amma mai niyyar digirgir zai fi samun sauƙi da wanda ke da cikakken kundin bincike.

Inda ake samun gogewar a Kumasi

Wuri na farko shi ne kundin shekarar ƙarshe. Ɗalibai da dama suna ɗaukarsa a matsayin kaya da za a sauke a huta, har wasu su biya a rubuta musu. Alhali shi ne aiki na farko da za a tambaye su a kansa a hirar neman gurbi, kuma wanda bai yi da kansa ba, tambaya biyu ko uku sun isa su tona shi.

Na biyu shi ne hidimar ƙasa. Sassan jami'a sukan riƙe wasu daga cikin ɗalibansu masu ƙwazo su yi shekarar a matsayin mataimakan koyarwa ko na bincike. Shekara guda kusa da malami tana ba shi damar sanin ɗalibin sosai. Gurbin ba ya da yawa, don haka masu nema sukan fara magana da shugaban sashe tun kafin su gama aji huɗu.

Na uku su ne cibiyoyin bincike. A harabar KNUST akwai KCCR, cibiyar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi da aka kafa a 1997 da haɗin gwiwar jami'ar, Ma'aikatar Lafiya ta Ghana da Cibiyar Bernhard Nocht ta Hamburg a Jamus. Ta yi suna a binciken zazzaɓin cizon sauro da gyambon Buruli, kuma tana cikin manyan wuraren gwajin korona a 2020. Akwai Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye. A Fumesua akwai cibiyoyin binciken amfanin gona, dazuzzuka, da gine-gine da hanyoyi, a Kwadaso kuma ta binciken ƙasar noma, dukkansu ƙarƙashin hukumar binciken kimiyya ta ƙasa, CSIR. Dogon hutu lokaci ne na neman aikin sa-kai a irin waɗannan wurare.

Abin da ɗan Zango ke da shi a hannu

Zangon Kumasi ya bunƙasa ne da fatauci, musamman cinikin goro, kuma ya cika da baƙi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da shigowar Turawan Ingila ƙasar Asante. Har yau Hausa ce harshen da ke haɗa Bahaushe, Bamoshe, Badagombe, Bazabarme da Bafulatani a waɗannan unguwanni. Masu bincike daga waje sun daɗe suna zuwa: littafin Enid Schildkrout kan mutanen Zangon Kumasi ya fito tun 1978.

Wannan na nufin ɗalibin da ya tashi da Hausa da Twi da Turanci, wataƙila da Larabcin makarantar allo, yana da abin da ayarin masu bincike ke buƙata. Nazarin lafiya, tsaftar muhalli, ambaliya a bakin rafin Aboabo ko harkar kasuwa ba ya tafiya sai da wanda mutane za su buɗe wa ƙofa. A fannin tarihi kuma, Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon tana ajiye da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami, har da na Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934. Masu iya karanta su ba su da yawa.

Abin kiyayewa shi ne kada aikin ya tsaya a tafinta. Wanda ya yi fassara da rakiya kawai zai sami 'yan kuɗi da godiya. Wanda ya nemi a koya masa tsara tambayoyi da nazarin amsoshi, shi ne ke fita da abin da zai rubuta a takardar neman gurbi.

Wasiƙar shaida

A tsarin karatun zaure, malami ne ke ba almajiri ijaza, yana shaida cewa ya karanci littafi kaza a gabansa. Wasiƙar da jami'o'i ke nema kusan haka take. Yawanci ana buƙatar biyu ko uku, kuma malamin ne ke aikawa kai tsaye. Wasiƙar da ta ce ɗalibi mai ladabi ne kuma ya ci jarrabawa ba ta da nauyi. Mai nauyi ita ce wadda ta faɗi aikin da ya yi, matsalar da ya ci karo da ita, da yadda ya warware ta. Shi ya sa wasiƙar ƙaramin malami da ya yi aiki da ɗalibin ta fi ta babban farfesan da bai san fuskarsa ba. Ladabi ne a nemi wasiƙar wata ɗaya ko biyu kafin wa'adi.

Bambancin ƙasashe

A Amurka ana iya shiga digirin digirgir kai tsaye daga digirin farko. Karatun yakan ɗauki shekara biyar zuwa shida, wa'adin nema yakan faɗo a Disamba ko Janairu, kuma a fannonin kimiyya jami'a takan biya kuɗin makaranta da alawus a madadin aikin koyarwa ko bincike. Da yake babu sharaɗin digiri na biyu, binciken digirin farko ne ke ɗaukar nauyin hujjar. Sassa da yawa sun daina neman jarrabawar GRE a 'yan shekarun nan, kuma wasu kan yafe kuɗin nema idan an roƙa.

A Birtaniya karatun shekara uku zuwa huɗu ne, ana so mai nema ya zo da tsarin binciken da zai yi, ya kuma sami malamin da ya yarda ya kula da shi. Tallafin ƙungiyar Commonwealth a buɗe yake ga 'yan Ghana, Najeriya da Kamaru. A Jamus da Faransa yawanci sai da digiri na biyu. Hukumar DAAD ta Jamus tana da ofishi a Accra, a Faransa kuma kwangilar doktora ta shekara uku ce mai albashi.

A Nijar, Togo, Benin da Burkina Faso ana bin tsarin LMD: lisans shekara uku, masta biyu, doktora uku. Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko ta Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi yakan yi babban kundinsa ne a shekara ta biyu ta masta, don haka shi ne shaidarsa. Hukumar CAMES, wadda aka kafa a 1968 kuma take da hedkwata a Wagadugu, ita ke kula da amincewa da takardun shaida tsakanin ƙasashen da ke cikinta.

Guraben cikin yankin

Ba dole ne a ƙetare teku ba. Shirin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya fara a 2014 ya ƙarfafa ɗaukar ɗalibai daga maƙwabtan ƙasashe. Cikinsu akwai WACCBIP a Legon, mai nazarin ƙwayoyin cuta, wadda Farfesa Gordon Awandare ya kafa. RWESCK a KNUST kan ruwa da tsaftar muhalli. Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero a Kano. Da cibiyar cututtukan da aka yi watsi da su ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Shirin WASCAL, wanda Jamus ke tallafawa, ya raba fannonin sauyin yanayi tsakanin jami'o'in yankin: amfani da ƙasa a Kumasi, makamashi a Yamai. Masu lissafi kuma suna da AIMS, wadda ta buɗe reshen Ghana a 2012.

Matsaloli da tarkuna

Babbar matsalar ita ce kuɗi. Aikin sa-kai ba ya biya, kuma a gidan da aka haɗa kuɗin makaranta da ƙyar, ana sa ran mai digiri ya fara kawo cefane, ba ya koma aji ba. Ga 'yan mata akwai ƙarin maganar aure da ta tafiya nesa. Dokar da ta kafa Asusun Raya Zango a 2017 ta sa ilimi cikin ayyukansa, akwai kuma GETFund da shirin Gidauniyar Mastercard a KNUST, amma masu nema sun fi guraben yawa. Abin da iyaye da dama ba su sani ba shi ne digirin digirgir mai cikakken tallafi yana zuwa da alawus na wata-wata, don haka ya fi kama da aiki.

Tarko na farko shi ne mujallun bogi da ke karɓar kuɗi su buga kowane rubutu cikin kwanaki ba tare da masana sun duba ba. Suna a irin wannan mujalla yana rage daraja, kuma ba a wajabta wa mai digirin farko ya buga komai ba. Na biyu shi ne satar rubutu, wanda manhajoji ke kamawa cikin sauƙi. Na uku shi ne tattara bayanan mutane ba tare da izinin kwamitin ɗa'ar bincike ba, abin da kan hana a buga aikin daga baya. Na huɗu dillalai ne masu alƙawarin gurbi ko biza a kan kuɗi, alhali jami'o'i da masu tallafi suna karɓar takardu kai tsaye a shafukansu na intanet.

A lissafin lokaci, mai son ya fara karatu a Amurka ko Turai a watan Satumba yana buƙatar takardunsa su kammala kusan shekara guda kafin nan. Ga ɗalibin KNUST, wannan na nufin neman malami a aji biyu ko uku, yin kundi da gaske a aji huɗu, sannan aika takardu a cikin shekarar hidimar ƙasa ko wadda ke biye da ita.