Daga Turmi Zuwa Jita: Yadda Damargu Ke Jinyar Zukatanta

Damargu ƙasa ce ta bakin Hamada. Ta kudu gonakin gero ne har Damagaram, ta arewa kuwa makiyaya ce da ta miƙe har duwatsun Abzin. Mutumin Tanut, Gangara, Olelewa, Falanko ko Tarka ya san damina guda ce tsakanin cikakken rumbu da ɗaure kaya a bar gida. Idan ana ba da tarihin yankin, ayari da yaƙi da fari ake lissafawa. Ba kasafai ake tambayar abin da waɗannan suka bari a ƙirjin mutane ba, balle yadda suka yi da shi. Wanda ya bi sawun wannan tambaya zai tarar da wata tsohuwar hikima: a nan ba a barin mai karyayyar zuciya shi kaɗai. Fito da shi ake yi cikin jama'a, a ba damuwarsa suna, a buɗe masa hanyar furta ta da kiɗa ko waƙa ko karatu. Cikin fiye da shekaru 170 kayan aikin sun sauya sau da dama, kuma yau hikimar na neman masu riƙe ta.

Zamanin ayari

A watan Janairun 1851 ayarin gishiri na Annur, jagoran Abzinawan Kel Ewey, ya sauka a Tagelel cikin Damargu. Tare da shi akwai Turawa uku, Heinrich Barth da James Richardson da Adolf Overweg, kuma a nan ne Richardson ya rabu da sauran biyun, ya kama hanyarsa. Barth ya ga yankin a matsayin rumbun Abzin: Dagirawa da Hausawa na noma gero, raƙuma na kwasarsa zuwa arewa, gishiri da dabino na gangarowa kudu, hanyar Kano zuwa Gat da Tarabulus kuma ta ratsa ta tsakiyar ƙasar.

Wannan arziki da tsadarsa ya zo. Namiji kan bar gida watanni, wani lokacin shekara, ba wasiƙa ba saƙo. A hanya akwai ƙishirwa da mahara, a gida akwai hari kan ƙauyuka. Madugu na dogara da taurari da ƙwarewa da abin da jikinsa ya ba shi; in ya ce yau ba za a kwana a wannan rijiya ba, ba a tambayarsa hujja. Matar da aka bari kuwa ita ke da rainon yara, da jiran da ba ranar ƙarewa, da binne wanda ya mutu uban bai sani ba. Kewa da fargaba abincin yau da kullum ne, don haka dole al'umma ta nema musu mafita.

Turmi, goge da ƙwarya

A rugagen Abzinawa mafitar daga madafa ta fito. Turmin daka ake ɗauka a rufe bakinsa da fatar akuya, a ɗaure, a riƙa yayyafa mata ruwa don sautin ya zauna. Shi ne tende. Ana kaɗa shi a bikin aure da suna da rawar raƙuma, akwai kuma tenden da ake yi musamman don jinya. Masaniya Susan Rasmussen ta bayyana shi a littafinta na 1995 kan Kel Ewey na Abzin, dangin waɗanda suka daɗe da kafa zango a Damargu. Mace ce galibi ke kamuwa: ta daina magana, ta ƙi abinci, ta janye daga mutane, sau da yawa bayan mutuwa, rabuwa ko soyayyar da aka hana. Sai a ce mutanen daji sun shige ta. Da dare a zaunar da ita tsakiyar fili, mata na tafi suna amshi, makaɗiya na sauya kiɗa har a dace da wanda zai motsa ta. Daga nan sai ta fara kaɗa kai da kafaɗu, a hankali, har ta gaji ta faɗi. Wani lokaci sai an maimaita dare da dama kafin ta dawo cikin mutane.

A garuruwan Hausawa bori ne ya riƙe wannan matsayi, da goge da garaya da ƙwarya. A Maraɗi Iya ce ke shugabantar 'yan bori, a Gobir kuma Inna, duka biyun manyan mata ne na gidan sarauta. Binciken Jacqueline Monfouga-Nicolas da ya fito a 1972 ya nuna mata ne suka fi yawa a borin Maraɗi, kuma rashin lafiya ce ƙofar shiga. Wadda 'ya'yanta ke mutuwa, wadda ba ta haihu ba, wadda zaman kishi ya ƙuntata, ita ce ake yi wa girka. Ta fito da sababbin ƙawaye, da matsayi, da damar yin magana da murya mai ƙarfi a gaban mazan da a da ba ta iya ɗaga ido ta dube su.

Malamai sun soki aƙidar da ke ƙarƙashin waɗannan al'adu, kuma suna da hujjarsu ta addini. Duk da haka akwai abin lura a cikin tsarin. Ba a ce wa marar lafiya ta cika raki. An yarda ciwonta gaskiya ne, an taru dominta, an saurare ta har aka gano abin da ke taɓa ta. Makaɗiyar da ke sauya kiɗa tana kallon fuskar majinyaciya aikin basira take yi, irin wanda ba a koyonsa sai da daɗewa cikin mutane.

Tawada da allo

Kusa da fagen kiɗa, zauren malam na nan. Rubutun sha, tofi, addu'a da nasiha su ne matakin farko ga mafi yawan gidaje, har a rugagen da ake kaɗa tende. Zikirin Ƙadiriyya da Tijjaniyya, da waƙoƙin begen Annabi da ake rerawa cikin taro, sun ba maza abin da ba su cika samu a wani wuri ba: wurin da namiji zai zubar da hawaye ba a ce ya yi abin kunya ba.

Wadda ta fi kowa fahimtar wannan al'amari a ƙasar Hausa ita ce Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta ga hijira da yaƙi tun tana yarinya, ta kuma yi rashin mahaifinta, da ɗan'uwanta Muhammadu Bello, da mijinta Giɗaɗo, da aminiyarta A'isha. Baƙin cikinta ta zuba shi cikin waƙoƙin makoki da har yau ake nazarinsu. Da ta so janye matan karkara daga bori, ba hani kawai ta yi musu ba. Ta kafa 'yan taru, ta naɗa jajoji mata masu kai waƙoƙin ilimi ƙauye-ƙauye. Ta gane cewa in za ka raba mace da fagen da take sauke nauyin zuciyarta, wajibi ne ka ba ta wani.

Yaƙi da yunwa

Ƙarni na 20 ya shigo da girgiza. Sojojin Faransa sun ratso Damargu a 1899. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, cinikin Hamada ya durƙushe. A 1913 zuwa 1914 aka yi yunwar Kakalaba. Sai Kawusan, wanda aka haifa a Damargu wajen 1880 cikin Ikazkazan, ya yi wa sansanin Faransawa na Agadas ƙawanya daga Disamban 1916 zuwa Maris 1917. Ramuwar Faransawa da ta biyo baya ta yi muni: an kashe malamai, an kwashe dabbobi, an kora jama'ar Abzin kudu. Shi kansa an kashe shi a Murzuk a 1919. Ba a cika rubuta firgicin waɗanda suka tsira ba. Waƙoƙin mata, da gogen Abzinawa da ake kira imzad, da hirar tsofaffi ne suka adana shi. Sai a 2013 hukumar UNESCO ta sanya imzad cikin gadon al'adun duniya, da sunan Nijar, Mali da Aljeriya.

Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, sun karya abin da ya rage. Makiyayin da ya kwana da garke ya wayi gari da sanda kawai. Mata sun koma jiƙa anza kwana da kwanaki don cire ɗacinta a ci. Ga Bafulatani ko Ba'abzine, rasa dabba rasa suna ne, kuma kunyar tsayawa layin rabon hatsi ta kai zafin yunwar kanta.

Gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta hau mulki a Afrilun 1974, ta farfaɗo da samariya tare da kafa bikin matasa na ƙasa. Manufarta ta siyasa ce, amma matasa sun sami dandali. Wasan kwaikwayo na Hausa ya bunƙasa, musamman a Damagaram, har Janet Beik ta rubuta littafi a kansa a 1987. A kan dandali da rediyo aka fara tattauna auren dole, bashi, ci-rani da zaluncin mai riƙe da ofis, mutane na dariya suna ganin kansu. Yaron da bai taɓa buɗe baki gaban manya ba ya koyi tsayawa gaban ɗaruruwa.

Zuwan jita

Samarin Abzinawan da fari ya kora Aljeriya da Libiya sun dawo da sabon abu. A can, cikin zaman kashe wando da kewar gida, suka ɗauki jita suka ɗora mata salon tende. Ƙungiyar Tinariwen ce ta buɗe hanya, a Nijar kuma Abdallah Oumbadougou da ƙungiyarsa Takrist n Akal. Bayan kisan da aka yi wa Abzinawa a Cintabaradan a Mayun 1990 da tawayen da ya biyo baya, kaset ɗin waɗannan waƙoƙi a ɓoye ake sauraronsa. Da aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilun 1995, jita ta fito fili ta zama kiɗan biki, tsofaffin 'yan tawaye da dama suka ajiye bindiga suka riƙe ta. A 2004 mawaƙan Abzinawa da na Fulanin Wodaaɓe suka haɗu suka kafa Etran Finatawa, alhali al'ummominsu sun sha saɓani a bakin rijiya.

Labarin mutum biyu daga jihar Tawa ya isa misali ga duk yaron Damargu. Mdou Moctar ya taso a gidan da ba a son kiɗa, sai ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Waƙoƙinsa suka yaɗu daga waya zuwa waya kafin duniya ta san fuskarsa. Fatou Seidi Ghali ta Illighadad ta koya wa kanta da jitar yayanta, a lokacin da ake ganin jita ta maza ce, tende na mata. Ta haɗa su biyun, ta zagaya Turai da Amurka. Kowannensu sai da ya fuskanci tsoron abin da mutane za su ce kafin baiwarsa ta bayyana.

Inda aka kwana

Tun da wa'azin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ya bazu a kudancin Nijar, bori ya ja baya, ruƙiyya ta ƙaru. Sauran fagagen ma sun ragu. Samariya ta zama tarihi, dandalin 'yan mata ya yi ƙaranci a garuruwa da yawa. Nauyin kuwa bai ragu ba. Yunwar 2005 ta taɓa Tanut sosai. A 2011, shekarar da aka cire Balbeji daga Tanut ta zama gunduma mai zaman kanta, dubban 'yan ci-rani suka dawo daga Libiya hannu rabbana, wasu da abin da suka gani wanda ba su iya faɗa. A Oktoban 2013 mutum 92, galibi mata da yara daga kudancin jihar Damagaram, suka mutu da ƙishirwa kusa da iyakar Aljeriya. Matasa na zaune a fada suna shan shayi, wasu na kashe damuwa da tiramol. Likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne, kuma a manyan birane suke.

Ilimin likitanci na Afirka ya daɗe da nuna hanya. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin Aro kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali ke zama cikin ƙauye tare da danginsu suna karɓar magani. A asibitin Fann na Dakar, Henri Collomb ya shigar da taron tattaunawa irin na gindin bishiya cikin jinya. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP don koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci kula da damuwa, farfaɗiya da taɓin hankali. Dukkansu sun yarda magani na buƙatar jama'a a gefensa.

Ba komawa bori nake kira a yi ba, ba kuma cewa nake waƙa za ta maye gurbin likita ba. Wanda ciwonsa ya yi tsanani, a kai shi asibiti da wuri, a daina ɗaure shi da mari. Abin da nake roƙo shi ne mu bi sawun Nana Asma'u: duk fagen da muka rufe, mu buɗe wani. Limami ya yi huɗuba kan ƙuncin rai kamar yadda yake yi kan zazzaɓin cizon sauro. Rediyoyin karkara su ba waɗanda suka dawo daga Hamada fili su ba da labarinsu. Makarantun Tanut da Balbeji su mayar da wasan kwaikwayo da gasar waƙa. Ma'aikacin jinya a Gangara ko Tenhiya ya sami horon gane uwar da ta yi shiru bayan haihuwa. Iyaye kuma, idan kuka ga yaro na ƙera jita da gwangwani, ko yarinya na cika littafi da baituka, ku zauna ku tambaye su abin da suke son faɗa, ku saurara har su gama.