Riƙon Yara da Iyakar Jiha: Waiwaye daga Suleja

1.0 Gabatarwa

Riƙo daɗaɗɗiyar al'ada ce a ƙasar Hausa, inda kaka ko gwaggo ko kawu kan ɗauki yaro su rene shi har su aurar da shi. Wannan maƙala za ta dubi yadda doka ta gitta iyaka a cikin wannan al'ada, tare da kafa misali da Suleja.

2.0 Riƙo Kafin Dokar Zamani

A labarin rayuwar Baba ta Karo wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, an nuna yadda 'yan'uwa ke bai wa juna 'ya'ya, musamman matar da Allah bai ba ta haihuwa ba. Amincewar dangi ita ce hujja, ba a neman takarda. Shari'ar Musulunci ta halatta riƙo, amma ta hana a jingina yaro ga wanda ba mahaifinsa ba, kamar yadda ya zo a Suratul Ahzab. Saboda haka lokacin da Jihar Gabas ta kafa dokar tallafin yara a 1965, Legas ta bi sahu a 1968, Arewa ba ta bi su ba.

3.0 Iyakar 1976

Garin da Abu Ja ya kafa a 1828 shi ne ainihin Abuja. A 1976 aka yanki wani ɓangare na ƙasar masarautar aka haɗa cikin Babban Birnin Tarayya, garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Ta haka Madalla ta zauna a Jihar Neja, maƙwabciyarta Zuba ta faɗa Birnin Tarayya, alhali auratayya da zumunci sun riga sun ɗinke su.

Tasirin iyakar ya fito fili da Dokar Haƙƙin Yara ta 2003. Da yake al'amuran yara na cikin hurumin jihohi, dokar ta fara aiki ne a Birnin Tarayya kaɗai, sai a 2010 Jihar Neja ta kafa tata. Dokar 2003 ta shardanta cewa mai neman tallafi da yaron su kasance mazauna jiha ɗaya, mai neman ya shekara biyar a cikinta, sannan ba a miƙa yaro zuwa wata jiha don tallafi sai da lasisin hukuma. Manufar ita ce toshe ƙofar fataucin yara da bautar da su da sunan riƙo.

4.0 Kammalawa

Sai dai akasarin riƙon Hausawa ba ya bi ta kotu. Yarinyar da gwaggonta ta ɗauko daga Zuba zuwa Madalla ta tsallaka daga wata doka zuwa wata, ba tare da wani ofishi ya san da ita ba. In an zalunce ta, wa ke da alhakin bin kadinta? Ya kamata hukumomin ɓangarorin biyu su sauƙaƙa rajistar riƙon dangi ta hannun masu unguwanni da dagatai, domin su ne suka san gidan da yaro ya fito da gidan da ya shiga.