Daga Kemis Zuwa Maƙabarta: Yadda Tiramol Ya Shigo Ƙasar Kankiya da Kusada

Tun da BBC ta fallasa wani kamfanin Mumbai, Aveo, a Fabrairun 2025 kan ƙwayoyin Tafrodol da yake turowa Afirka ta Yamma, gardama ta sake tashi a majalisun Kankiya: wa ya kawo mana wannan masifa? Wasu su ce zaman banza, wasu su ce 'yan siyasa. Ni dai ina ganin gajiya ce ta buɗe ƙofa, sauran duk daga baya suka shigo.

Kakanninmu da sassaƙe-sassaƙe da ƙaho suke korar ciwon jiki. Kodin kuwa tun 1832 aka fitar da shi a Faransa, tiramol kuma kamfanin Grünenthal na Jamus ya sa shi kasuwa a 1977, don masu ciwo mai tsanani.

Abin ya juya ne bayan tsuke bakin aljihu na SAP a 1986. Magani ya yi wuya a asibitin gwamnati, mai kemis ya zama likitan ƙauye. Kankiya tana bakin titin Kano zuwa Katsina, a da abin da aka sauke a kasuwar magani ta Sabon Garin Kano da safe kan iya kwana a ƙauyen Kusada. Manomin da zai yi noman rani a duƙe, da ɗan ga-ruwa, da ɗan acaɓa, ba maye suka je nema ba. "Maganin gajiya" suka tambaya, aka miƙo. Hukumar NAFDAC ta amince da mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ne kawai, amma abin da ya cika kasuwa daga Indiya 120 ne, da 200, da 225. Masu cewa zaman banza ne su gaya mini me ya sa mai kwana a gona yake haɗiya kafin ya ɗauki fartanya. Bangar siyasa ta tarar da ƙwayar ne a hannu.

A 2017 aka faɗa a Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 ta kodin kullum a Kano da Jigawa. Ranar 1 ga Mayun 2018, kwana ɗaya bayan wani fim ɗin bincike na BBC, ministan lafiya Isaac Adewole ya haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. A shekarar ce Indiya ta tsaurara doka kan tiramol, daga baya kuma binciken hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna 'yan Najeriya miliyan 4.6 suna shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. Aka toshe nan, Tafrodol ta ɓulle can.

Batun mutuwa ne ya fi ci mini rai. Amurka, wadda maganin kashe ciwo na OxyContin ya jefa cikin wannan rami daga 1996, tana ƙirga gawarwakinta: kusan 80,000 a 2021 kaɗai. Mu kuwa yawancin mace-mace ba a rubuta su. Yaro ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga, ko numfashinsa ya ɗauke cikin barci, ko ya kifa da babur, kafin la'asar an kai shi makwanci. A zaman makoki a ce farfaɗiya ce, ko iska ta taɓa shi, iyaye kuma su ɓoye fankon kwalin da suka tsinta a aljihun rigarsa.