Matsayi da Ɗabi'un Ma'aikatan Ikilisiya da Masu Bi a Sujadar Kiristocin Ƙasar Kazaure

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda ake raba aikin sujada tsakanin fasto da masu bi a ikilisiyoyin Hausawa na ƙasar Kazaure, musamman na ɗariƙar ECWA. Ta nuna cewa nauyin sujada ya fi rataya a wuyan masu bi, kuma da ma'aunin kirki irin na Bahaushe jama'a ke auna fasto.

1.0 Gabatarwa

Masarautar Kazaure tana cikin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a 1991, kuma mafi yawan mutanenta Musulmi ne. Kiristocin yankin kashi biyu ne. Akwai baƙi, 'yan kasuwa da ma'aikata, akwai kuma 'yan ƙasa, waɗanda da yawansu tsatson Maguzawa ne. A kan 'yan ƙasar wannan nazari ya tsaya.

2.0 Tushen Tarihi

An kafa ƙungiyar mishan ta SIM a 1893, amma Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna taƙaita wa'azinta a masarautun Musulmi. Ƙofa ta buɗe mata sosai ne a ƙarshen shekarun 1930, lokacin da aka damƙa mata kula da kutare a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. A ƙasar Kazaure ta zauna a Roni, inda ta riƙe makarantar yara maza. Shobana Shankar, a littafinta na 2014 kan asalin Kiristanci a Arewa, ta nuna irin rawar da 'yan ƙasa da suka fito daga waɗannan cibiyoyi suka taka wajen yaɗa addinin. Kammala fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ta sa duk wanda ya iya karatun boko zai iya tsayawa gaban jama'a ya karanta Nassi. Ko da aka kafa ECWA daga ikilisiyoyin SIM a 1954, an riga an saba da sujadar da ɗan ƙasa ke jagoranta.

3.0 Matsayin Ma'aikata

Akwai ayyukan da aka keɓe wa fasto: baftisma, Jibin Ubangiji da ɗaurin aure. A ƙauyen da babu shi, mai bishara ne ke wa'azi da koyar da masu neman baftisma, sai a jira zuwan fasto don waɗancan ayyuka. Dattawan ikilisiya kuwa su ke lura da baiko, da sasanta ma'aurata, da shawara kan horo, wato dakatar da mai laifi daga Jibin Ubangiji har sai ya tuba.

Sharuɗɗan shugabanci suna cikin wasiƙun Bulus zuwa ga Timoti da Titus: kamewa, karɓar baƙi, riƙon iyali da nisantar kwaɗayin kuɗi. Waɗannan sun yi daidai da siffofin mutumin kirki da masani Kirk-Greene ya tattara a 1974, irin su gaskiya, amana, karamci, haƙuri da kunya. Shi ya sa faston da ya iya wa'azi amma ba ya zuwa gaisuwar mutuwa, ko aka ji ƙishin-ƙishin a kan kuɗin baiko, ba ya daɗewa da kwarjini. Maƙwabtansa Musulmi ma da wannan ma'auni suke kallonsa, kuma zaman lafiyar ƙaramar ikilisiya a cikinsu ya danganta ƙwarai da mutuncin shugabanta.

4.0 Matsayin Masu Bi

A sujadar Lahadi, kafin mai wa'azi ya hau bagadi an riga an ci rabin lokaci a hannun jama'a. Wani ya buɗe da addu'a, wani ya karanta Nassi, mawaƙa su rera, sakatare ya yi sanarwa. A ƙauyuka galibi maza na zama gefe guda, mata gefe guda da ɗankwali a ka.

Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan ikilisiya, ita ce ƙashin bayan wannan hidima. Sukan fito da zane iri ɗaya, wata na buga bakin tulu da soso, wata na kaɗa caki, mai ba da waƙa ta ɗauko labari daga Nassi saura su amsa. ECWA ba ta naɗa mata fastoci, amma ta wannan hanya tauhidi ke isa kunnen wanda bai iya karatu ba. Su ne kuma kan gaba wajen duba marasa lafiya da masu jego. Da kaka manoma kan kawo damin gero da dawa a matsayin baikon godiya, wanda ke tallafa wa cimakar ma'aikaci da iyalinsa.

5.0 Kammalawa

Tarihi da ƙarancin ma'aikata sun sa sujada a ƙasar Kazaure ta zama aikin gayya, inda fasto ke riƙe da ƙa'ida, jama'a na riƙe da gudanarwa. Saboda haka ya kamata makarantun horar da fastoci su ba koyar da dattawa da shugabannin mata muhimmanci. Akwai kuma buƙatar a tattara waƙoƙin Zumuntar Mata na yankin a rubuce, domin yawancinsu a ka ake riƙe su.