Littafin Girkin Gunduma da Ginin Kotu: Ado ne ko Shaida?

A ƙananan garuruwan Amurka, ƙungiyoyin mata da na masu kula da tarihi sukan tattara girke-girken gida su buga littafi don tara kuɗin aikin gayya. Wasu littattafan sukan jera hotunan tsofaffin kotunan gunduma a gefen girkin. Asalin al'adar sananne ne: littafin Maria J. Moss na 1864, wanda aka sayar a Filadelfiya don jinyar sojojin yaƙin basasa. Bower (1997) ta riga ta nuna cewa irinsa abin nazarin tarihi ne.

Wani abokin aikina bai yarda ba. A ganinsa, haɗa kotu da tukunya kwalliya ce da ke rufe ta'asa, kuma hujjarsa tana da nauyi. A Waco ta jihar Texas, daga cikin kotu gungun mutane suka janye Jesse Washington a 1916 suka kashe shi. A Sherman, ita ma ta Texas, a 1930, kotun kanta aka banka wa wuta don a hallaka George Hughes. Dukansu baƙar fata ne. Ifill (2007) ta bi irin wannan tarihi a harabar kotunan Maryland. Abokin nawa yana kuma kafa hujja da Tipton-Martin (2015), wadda ta nuna yadda aka daɗe ana danne sunayen baƙaƙen masu girki. To, in ji shi, wace shaida za a samu a littafin da ya yi shiru kan duk wannan?

Ina ganin ya haɗa tambayoyi biyu wuri guda. Ko littafin ya yi adalci, wannan daban. Ko yana da amfani ga mai bincike, wannan ma daban. Kotun gunduma ba wurin shari'a kaɗai ba ce. Nan ake ajiye takardun filaye, da na aure, da na gado, kuma a da yawanci maza ne ke riƙe da alƙalamin. Matan Texas ba su sami damar zama cikin masu taya alƙali yanke hukunci ba sai bayan gyaran tsarin mulkin jihar na 1954. Littafin girki yana cikin 'yan wuraren da aikin mace ya shiga rubutu, ko da a tsofaffin bugu da sunan miji ake kiranta, matar wane. Wanda ya ga kolache, gurasar 'yan asalin ƙasar Cek, kusa da tamale na 'yan asalin Meziko a babi ɗaya, ya ga sawun ƙaura da cuɗanya da rajistar kotu ba ta bayyana ba.

Sai dai dole in taƙaita da'awata. Littafin ba ya nuna abin da dukan gunduma ke ci. Abin da yake tabbatarwa shi ne waɗanda masu tattarawa suka ɗauka a matsayin 'yan gari, da abincin da suka ga ya isa a nuna wa baƙo. A nan shirun da abokina ke kuka da shi ya zama bayani: idan ƙidayar jama'a ta nuna baƙaƙe da yawa a gunduma, littafin kuma babu ko cocinsu ɗaya, an ga inda aka ja iyaka.

Texas na da gundumomi 254, kuma tun 1999 hukumar tarihin jihar ke tallafa wa gyaran kotunansu. Ya kamata ɗakunan adana tarihi su tattara waɗannan littattafai da irin wannan himma, a karanta su tare da kundin ƙidaya da jaridun lokacin.