Daga Kano Zuwa Jidda: Nazari Kan Nisa Da Tsawon Lokacin Tafiya

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz a Jidda akwai kimanin kilomita 3,400, idan aka bi hanya mafi gajarta a kan doron duniya, wadda ta ratsa Chadi da Sudan kafin ta tsallake Bahar Maliya. Wannan adadi ba ya canzawa. Lokacin tafiyar shi ne ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma a nan maniyyata da yawa ke ruɗewa.

Babban jirgin fasinja, in ya daidaita a sama, yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa. Bisa lissafi, awa huɗu ta isa ke nan. Sai dai jirgi ba ya tashi da cikakken gudu. Akwai gangarawa zuwa titin tashi, akwai hawa, akwai saukowa sannu a hankali, ga jiran izinin sauka a Jidda, wanda kan yi tsawo a lokacin jigilar alhazai. Shi ya sa tafiyar kan ci awa huɗu da rabi zuwa biyar. Agogo ma yana ƙara ruɗani, domin Saudiyya na gaban Najeriya da awa biyu: wanda ya tashi ƙarfe 10 na dare zai sauka wajen ƙarfe 5 na asubar Jidda, ya ɗauka ya yi awa bakwai a sama.

Iska tana da nata hannu. Da damina, can sama inda jirage ke bi, wata iska mai ƙarfi tana kaɗawa daga gabas zuwa yamma a kan yankin Sahel. Mai zuwa Jidda a wannan lokaci yana fuskantar ta, mai dawowa kuwa tura shi take yi, don haka zuwa da dawowa ba sa zama daidai.

A ganina, duk waɗannan ƙanana ne idan aka kwatanta su da siyasa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, ana dab da fara jigilar Hajjin shekarar. Dole jirage suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙara ƙonewa, kamfanonin jirage suka nemi ƙarin kuɗi daga hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON. Sudan ɗin da kakanninmu suka shafe watanni, wasu shekaru, suna ratsawa da ƙafa ita ce har yau ke yanke wa mai jirgi tsawon tafiyarsa. Don haka maniyyaci ya tambayi hanyar da jirginsa zai bi, kada ya tsaya ga yawan kilomita.