Daga Randa Zuwa Ƙanƙarar Leda

'Yar'uwa, kafin firji ya shigo gidajenmu, randa ce ke sanyaya ruwa, kayan zaƙin yaro kuwa dabinon Dutse ne ko alewa. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, ma'aikata suka taso daga Kano da iyalansu da firjinsu, sai ƙanƙarar leda ta yawaita a gari. Matan aure suka samu sana'a daga cikin ɗaki: a dafa zoɓo ko a jiƙa tsamiya, a ƙulla, yara su kai ƙofar makaranta. Ranar da NEPA ta ɗauke wuta kuwa, jari ya narke!

To, me ke cikinta? Ta 'ya'yan kuka tana da bitamin C. Mai kalar nan fa, ruwa ne da sukari kawai, ta toshe wa yaro ciki ya ƙi tuwo, ta ci masa haƙori. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin babba kada ya wuce kamar cokalin shayi 12 a rana, na yaro bai kai haka ba.

Ni dai ban ce ki hana shi ba, a zafin bazarar nan. Guda ɗaya bayan abinci ta isa. Ki kuma san ruwan da aka yi ta da shi, don daskarewa ba ta kashe duk ƙwayoyin cuta.